KIMIYYA A GINDIN MURHU: YADDA AKE DAFA SHINKAFAR ALBASA

Gabatarwa

Ɗalibai da yawa a makarantun sakandare sun ɗauka cewa kimiyyar harhaɗa sinadarai ba ta da mazauni sai ɗakin gwaji, inda ake jera kwalabe da ma'aunai. Saboda haka a makarantar da kayan gwaji suka yi ƙaranci, sai darasin ya koma hadda, a haddace, a rubuta a jarrabawa, a manta. Alhali kuwa a kowane gida akwai wurin da ake gudanar da aikin kimiyya sau biyu ko uku a yini, wato gindin murhu. Wannan darasi zai ɗauki abinci guda mai sauƙin haɗawa, shinkafar da ake dafawa da soyayyiyar albasa, ya bi ta daki-daki domin a ga abin da ke faruwa a cikin tukunya.

Akwai dalilin zaɓen wannan abinci. Kowace shekara idan damina ta kama, tumatir yakan yi tsada, a shekarar 2016 kuwa wata tsutsa da masana ke kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a jihohin Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har miyar tumatir ta gagari gidaje da dama. Gidan da ya iya fitar da ɗanɗano daga albasa da mai da gishiri zai ci abinci mai daɗi ko babu tumatir, ko babu nama. Sai dai kuma kayan haɗi iri ɗaya, a hannun mutum biyu, sukan ba da sakamako dabam: wannan ta fito warara tana ƙanshi, waccan ta caɓe, ɗanɗanonta lami, an yi asarar shinkafa da mai da itace. Abin da ya raba su shi ne yadda aka sarrafa ruwa. A wannan girki ana son a fitar da ruwa daga cikin albasa tukuna, sa'an nan a shigar da ruwa cikin shinkafa daidai gwargwado.

Inda kayan haɗin ke fitowa

Garin Rurum yana ƙaramar hukumar Rano, a kudancin jihar Kano, cikin duwatsu, ba nisa da madatsar ruwa ta Tiga. An gina wannan madatsa a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga Tiga ruwa yakan bi babbar magudana zuwa Ruwan Kanya, daga nan ya wuce filayen noman rani na Kadawa da Bunkure da Kura da Garun Malam, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Garin Kura ya shahara wajen turara shinkafa da casarta. Ke nan uwargida a Rurum ko Rano ko Kibiya ba ta bukatar komai daga nesa: shinkafa da albasa na yankin ne, man gyaɗa na masu ƙuli-ƙuli ne, daddawa kuma daga kalwar ɗorawa ake yinta.

Amma asalin tsirran biyu ya yi nisa. Albasa daga tsakiyar nahiyar Asiya ta fito, Misirawan dā sun noma ta fiye da shekara 4,000 da suka wuce, sunanta na Hausa ma daga Larabci aka aro shi. Shinkafa kuwa iri biyu ce a duniya. Akwai ta Afirka, wadda aka fara nomawa a fadamun Kogin Kwara na ƙasar Mali ta yanzu kimanin shekara 3,000 da suka wuce, akwai kuma ta Asiya, wadda ita ce mafi yawan abin da ake shukawa a filayen noman rani a yau.

Abin da ke cikin albasa

Hausawa na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ta fuskar yaji gaskiya ne, amma ta fuskar awo kusan dukkanta ruwa ce. A cikin giram 100 na ɗanyar albasa, kimanin giram 89 ruwa ne, giram 4 sukari ne, giram 1 furotin ne, sauran kuma harza ce da wasu 'yan sinadarai. Wannan ruwa yana ƙunshe cikin ƙananan ɗakuna da ake kira ƙwayoyin halitta, waɗanda ɗalibai ke gani jere kamar tubalin gini idan aka ɗora siririyar fatar albasa a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Albasa tana tsotso farar wuta daga ƙasa, ta haɗa wasu sinadarai da ita, ta ajiye su a cikin ƙwayar halitta. A wani ɓangare dabam na ƙwayar kuma tana ajiye wani furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai, irin wanda ake kira inzayim. Muddin albasa tana dunƙule, biyun ba sa haɗuwa, shi ya sa ba ta sa kowa hawaye a kasuwa. Da zarar wuƙa ta ratsa ta, sai shingen ya fashe, inzayim ya auka wa sinadaran nan, a cikin daƙiƙoƙi kaɗan wata iska mai yaji ta tashi. Idan ta taɓa ido sai jijiyoyi su kai saƙo ƙwaƙwalwa, hawaye ya zubo domin ya wanke ta. An daɗe ana zaton inzayim ɗaya ne ke yin wannan aiki, sai a shekarar 2002 wasu masu bincike a ƙasar Japan suka gano cewa akwai na biyu, wanda shi ne ke ƙarasa haɗa iskar. Wannan yaji makami ne da tsiron ke kare kansa da shi daga ƙwari da dabbobi, kuma yakan ƙaru idan ƙasar tana da yalwar farar wuta ko shukar ta sha ƙishirwa.

Daga wannan bayani za a iya fitar da dabarun rage hawaye. Wuƙa mai kaifi ba ta murƙushe ƙwayoyin halitta da yawa kamar dakusasshiya. Sanyi yana rage wa inzayim hanzari, saboda haka albasar da aka tsoma cikin ruwan randa na ɗan lokaci ba ta kai wadda ta yini a rana yaji ba. Yanka a tsakar gida, inda iska ke kaɗawa, ya fi yanka a cikin rufaffen madafi. Zafi mai yawa kuwa kashe inzayim yake yi gaba ɗaya, shi ya sa albasar da ta ji wuta yajinta ke tafiya, zaƙin da ke ɓoye ya bayyana.

Dalilin da ya sa sai an soya

Mai tambaya zai ce, tun da zafi ne ke gyara albasa, me zai hana a watsa ta cikin ruwan shinkafa kawai, a huta da ɓarnar mai? Amsar tana cikin wata ɗabi'a ta ruwa. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin santigired. A ƙasar Kano, wadda ta ɗara teku tudu da kimanin mita 500, yana tafasa a kusan digiri 98. Da zarar ya tafasa, zafinsa ba ya ƙaruwa ko da an tura duk itacen da ke gidan cikin murhu, domin duk zafin da aka ƙara tafiya yake wajen mayar da ruwan tururi. Abin da ke cikin ruwa, ko abin da ke jiƙe da ruwa, ba zai wuce wannan iyaka ba.

Ƙanshi da launin da ake nema a albasa kuwa ba sa samuwa da sauri sai zafi ya kai wajen digiri 140. A nan ne sukari ke haɗuwa da amino asid, wato gutsattsarin furotin, su haifar da ɗaruruwan sababbin sinadarai masu ƙanshi da launin ƙasa-ƙasa. Wani likita Bafaranshe, Louis Maillard, wanda ake furta sunansa Mayar, shi ya fara bayyana wannan haɗuwa a shekarar 1912, har ake kiranta da sunansa. A shekarar 1953 wani masanin sinadarai baƙar fata na Amurka, John Hodge, ya tsara matakanta ɗaya bayan ɗaya. Haɗuwar Mayar ce ke ba tsire da ƙosai da ƙuli-ƙuli da ɓawon burodi launinsu da ƙanshinsu. Idan zafi ya ƙara hawa zuwa wajen digiri 160, sukari da kansa ma yakan fara toyuwa, ya ƙara launi da wani ɗanɗano. Mai yana iya kaiwa wannan zafi ba tare da ya tafasa ba, wannan ne amfaninsa na farko. Amfaninsa na biyu shi ne yawancin sinadaran ƙanshi sun fi narkewa cikin mai a kan ruwa, saboda haka man yakan kwashe su ya rarraba wa kowace ƙwayar shinkafa.

To amma ko a cikin mai, albasa ba za ta wuce digiri 100 ba sai ruwan da ke bayanta ya ƙafe, wannan kuwa yana cin zafi mai yawa. Ana auna zafi da wani ma'auni da ake kira jul. Ɗaga zafin giram 1 na ruwa da digiri 1 yana cin jul 4.2, amma mayar da giram 1 na tafasasshen ruwa tururi yana cin jul 2,260. Alal misali, manyan albasa 3 masu nauyin giram 400 suna ɗauke da ruwa giram 356. Ƙafar da rabin wannan ruwa, wato giram 178, zai ci jul sama da 402,000. Tafasa lita guda ta ruwa daga digiri 25 kuwa jul 315,000 kawai take ci. Wannan lissafi ya nuna dalilin da ya sa suyar albasa ke ɗaukar minti 15 zuwa 20, da kuma dalilin da ya sa mai gaggawa ba ya dacewa: idan ya ƙara wuta, bakin albasar ya ƙone tun cikinta yana ɗanye.

Kunne ma ma'auni ne a nan. Ƙarar da ake ji lokacin da albasa ta shiga mai, ƙarar tururi ce mai fita. Muddin tana da ƙarfi, akwai sauran ruwa, hatsarin ƙonewa kaɗan ne. Idan ta fara lafawa, ruwa ya kusa ƙarewa, zafi zai hau da sauri, tsakanin launin zuma da baƙi kuwa minti ɗaya ko biyu ne. A wannan lokaci ba a barin gindin murhu.

Abin da ke cikin shinkafa

Aikin shinkafa akasin na albasa ne. Busasshiyar shinkafa kusan kashi 80 cikin 100 sitaci ce, ruwan da ke cikinta bai wuce kashi 12 zuwa 14 ba. Sitacin yana dunƙule cikin ƙananan ƙwayoyi masu tauri da ciki ba ya iya narkarwa da sauƙi. Idan suka sami ruwa da zafi tsakanin digiri 60 da 80, sai su sha ruwan, su kumbura, su yi laushi. Wannan shi ne nunar shinkafa, kuma ya nuna cewa ba ta bukatar wuta mai ƙarfi, ruwa da tururi da lokaci take bukata.

Sitaci iri biyu ne. Akwai amilos, wanda zarensa miƙaƙƙe ne, akwai amilofektin, mai rassa kamar ƙaya. Shinkafar da amilos ya yi yawa a cikinta takan fito warara, wadda ya yi ƙaranci kuma takan yi danƙo. Juyawa da muciya yana farfasa ƙwayoyin da suka kumbura, sitaci ya fito ya zama kamar koko, ya manne su. Mai tuƙa tuwon shinkafa abin da take so ke nan, mai dafa shinkafar albasa kuwa abin da take gudu ke nan.

Shinkafar da ta fi dacewa da wannan girki ita ce wadda aka turara tun tana shanshera. Masu wannan sana'a sukan jiƙa ta, su turara, su shanya, kafin a kai ta injin casa. Turarawar tana sa sitacin ya nuna sau ɗaya ya sake ƙanƙamewa, ƙwayar ta yi ƙwari, ba ta saurin fashewa a inji ko a tukunya. Daɗin daɗawa, tana tura wani kaso na bitamin B1 daga dusa zuwa cikin ƙwayar. Rashin wannan bitamin ne ke kawo cutar beriberi mai raunana jijiyoyi da zuciya. A shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, ya lura a tsibirin Jaba na Indunusiya cewa kajin da ake ba farar shinkafar da aka cashe tas suna kamuwa da irin wannan cuta, su warke idan aka ba su wadda ba a raba da dusarta ba. Wannan bincike ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1929.

Kayan da ake bukata

Domin mutum 4 ko 5, a tanadi turararriyar shinkafa gwangwanin madara 4, wato kimanin rabin kilo, manyan albasa 3, man gyaɗa babban cokali 6, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, daddawa dakakkiya ƙaramin cokali 2, tafarnuwa 'ya'ya 3, citta da masoro kaɗan, kanumfari 3, attaruhu 1 ga mai son yaji, ruwan zafi gwangwani 7 zuwa 8, da tukunya mai faɗi, mai kaurin gindi, wadda murfinta ke rufewa sosai.

Yadda ake dafawa

1. A tsince shinkafa, a rege ta a ƙwarya. Tsakuwa ta ninka ƙwayar shinkafa nauyi kusan sau biyu idan girmansu ɗaya, saboda haka ita ce ke kwanciya a ƙasa. A wanke sau 2 ko 3 domin a cire garin sitacin da ke bayanta, amma kada a wuce haka, domin bitamin B1 yana narkewa a ruwa. A tsane ta a kwando.

2. A yanka albasa siri-siri, kauri ɗaya. Idan wani yanki ya fi wani kauri, siririn zai ƙone kafin mai kaurin ya nuna.

3. A ɗora mai a matsakaiciyar wuta. Kada a bari ya yi hayaƙi, domin hayaƙi alama ce ta cewa man ya fara lalacewa. A zuba albasa, a baza ta, a barbaɗa rabin gishirin. Gishiri yana jawo ruwa daga cikin ƙwayoyin halitta zuwa waje, inda zai ƙafe da sauri. Kada a rufe tukunya, domin murfi yana mayar da tururi ruwa ya koma ciki.

4. A riƙa juyawa jefi-jefi. Albasar za ta yi laushi, ta ragu, sa'an nan gefenta ya soma launin zuma. Idan ƙara ta lafa, a rage wuta, a yawaita juyawa har ta yi launin dabino. A kwashe kashi ɗaya cikin uku a ajiye a gefe.

5. A zuba tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari da attaruhu, a juya na minti 1. Ana jinkirta tafarnuwa ne saboda ruwanta bai kai na albasa ba, tana saurin ƙonewa, ƙonanniyar tafarnuwa kuwa ɗaci gare ta.

6. A zuba shinkafar da ta tsane, a juya na minti 2 har mai ya game ta. Wannan mai yana rage mannewar ƙwayoyin.

7. A zuba ruwan zafi a hankali, da daddawa da sauran gishiri. A kankare gindin tukunya da ludayi, domin abin da ya kama a wurin ɗanɗano ne. A juya sau ɗaya kawai.

8. Da zarar ta tafasa, a rufe, a janye itace a bar garwashi, ko a rage wutar risho ko gas zuwa mafi ƙanƙanta. A bar ta minti 20 zuwa 25 ba buɗewa, ba juyawa.

9. A sauke, a bar ta rufe na minti 10. A wannan lokaci danshi yakan rarrabu daidai tsakanin ta sama da ta ƙasa. Sa'an nan a warware ta da cokali mai yatsu, a watsa albasar da aka ajiye a kai.

Ana ci da soyayyiyar karfasa ko tarwaɗa irin wadda masuntan Tiga ke kamawa, ko dafaffen wake, ko kwaɗon zogale, ko ƙwai. Haɗa ta da ɗaya daga cikin waɗannan yana da muhimmanci, musamman ga yara, domin furotin ɗin shinkafa kaɗan ne.

Ƙarin bayani kan ruwa da daddawa da kanwa

Ruwan da aka zuba wa shinkafa kashi biyu yake rabuwa: wanda ta sha, da wanda ya tafi a tururi. Na farkon yana ƙaruwa da yawan shinkafa, na biyun kuwa ya dogara ne da faɗin tukunya da murfi da ƙarfin wuta. Saboda haka idan an ninka shinkafa a tukunya ɗaya, ba sai an ninka ruwa cif ba, a rage kaɗan. Sabuwar shinkafa ba ta kai tsohuwa shan ruwa ba, wadda ba a turara ba kuma ba ta kai turararriya ba. Idan ruwa ya ƙare aka bar tukunya a wuta, zafin gindinta yakan haura digiri 100, haɗuwar Mayar ta soma, ƙanzo ya samu. Tukunyar shinkafa mai aiki da lantarki, wadda kamfanin Toshiba ya fitar a Japan a 1955, da wannan hawan zafi take gane cewa ruwa ya ƙare, ta kashe kanta.

Daddawa kuwa aikin wata bakteriya ce mai amfani, Bacillus subtilis, wadda ke farfasa furotin ɗin kalwa a kwanakin da aka rufe ta. Daga cikin abin da ke fita akwai gulutamet, sinadarin da wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 cewa shi ne ke ba romo garɗinsa. Shi ne kuma ake sa wa dunƙulen ɗanɗano na kanti. Wanda ya sa dunƙule sai ya rage gishiri, domin dunƙulen kansa cike yake da gishiri.

Wasu kan jefa 'yar kanwa domin albasa ta yi saurin ja. Gaskiya ne kanwa tana hanzarta haɗuwar Mayar, amma tana narkar da abin da ke riƙe da ƙwayoyin halitta, albasar ta dame, tana kuma lalata bitamin B1. Barinta ya fi.

Hatsarin ragowar shinkafa

Bakteriyar daddawa tana da 'yar'uwa mai cutarwa, Bacillus cereus, wadda ke zaune cikin ƙasa, ta biyo shinkafa daga gona. Idan ta ji wuya takan dunƙule cikin wani ƙwanso mai tauri wanda tafasa ba ta kashewa. Idan dafaffiyar shinkafa ta huce aka bar ta a ɗaki, sai ƙwanson ya buɗe, bakteriyar ta shiga hayayyafa, ta fi kuma jin daɗi a wajen digiri 30, irin ɗumin ɗakin ƙasar Hausa a yawancin shekara. Idan tana rabuwa biyu duk rabin awa, ƙwaya ɗaya za ta zama 1,048,576 a cikin awa 10, wato daga sallar isha zuwa wayewar gari. Tana fitar da wani dafi mai sa amai a cikin awa 1 zuwa 5 bayan an ci. An fara danganta irin wannan amai da shinkafa a Ingila a 1971. Abin lura shi ne ɗumame yana kashe bakteriyar amma ba ya karya dafin, kuma shinkafar tana iya zama da dafi ba tare da ta yi wari ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a bar dafaffen abinci a ɗaki fiye da awa 2: ko dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Mai firiji sai ya baza ragowar a faranti ta huce da sauri, ya sa ta ciki, ya ci kafin kwana ɗaya ya wuce. Inda babu firiji, ko wutar lantarki ba ta tsayawa, mafita ita ce a auna abin da za a cinye, abin da ya ragu a rabar tun yana da zafi. Idan yaro ko tsoho ya kamu da amai, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, idan abin ya ƙi tsayawa a kai shi asibiti.

Gwaje-gwaje domin aji

Na ɗaya: a raba yankakkiyar albasa kashi 3 daidai. A dafa kashi na farko a ruwa, a soya na biyu a rufe, a soya na uku a buɗe, kowanne minti 12. Ɗalibai su rubuta launi da ƙanshi da ɗanɗanon kowanne, su kawo dalili.

Na biyu: a ɗiga aidin cikin ruwan da aka wanke shinkafa, a ɗiga kuma a kan yankin albasa. Ruwan shinkafa zai koma shuɗi mai duhu, albasa kuwa ba za ta canza haka ba, domin ba ta ajiye abincinta a matsayin sitaci.

Na uku: a tafasa ɓawon jar albasa a ruwa kaɗan, a tace, a raba kofi 2. A matsa lemon tsami a ɗaya, a zuba jiƙaƙƙiyar kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai juya zuwa kore-kore. An sami ma'aunin gane asid da alkali ke nan ba tare da an sayi komai ba.

Malami ya kula: kada a tsoma ma'aunin zafi na ɗakin gwaji mai iyakar digiri 110 cikin mai, zai fashe. Kada kuma ruwa ya shiga mai mai zafi, domin idan ruwa ya zama tururi girmansa yakan ninku kusan sau 1,700, ya watso man. Idan mai ya kama da wuta, a rufe tukunyar da murfi, kada a zuba ruwa.

Kammalawa

An ga cewa albasa tana bukatar buɗaɗɗiyar tukunya da haƙuri domin ruwanta ya fita, zafi ya haura iyakar tafasa, ƙanshi ya samu. Shinkafa kuma tana bukatar rufaffiyar tukunya da ƙaramar wuta domin ruwa ya shige ta. Iyaye mata sun san waɗannan ƙa'idoji ta hanyar gado da gogewa, aikin ɗalibi shi ne ya san dalilansu. Ana fatan malamai za su sa ɗalibai su gwada wannan girki a gida, su auna ruwa da lokaci, su kawo sakamakon aji a kwatanta.

Tambayoyi

1. Me ya sa dunƙulalliyar albasa ba ta sa hawaye, sai an yanka ta?
2. Bayyana dalilin da ya sa ƙara itace bayan ruwa ya tafasa ba ya sa shinkafa saurin nuna.
3. Jul nawa ake bukata domin mayar da giram 50 na tafasasshen ruwa tururi?
4. Kawo amfani 2 na turara shinkafa kafin a cashe ta.
5. Idan bakteriya tana rabuwa biyu duk rabin awa, ƙwaya 10 za su zama nawa bayan awa 3?